Sunan da Allon Asibiti Ya Kira

Allon da ke rataye a ɗakin jira na asibitin unguwarmu ni na zana shi. A lokacin da abin nan ya faru, idan na tuna da shi har kumbura nake yi. Shuɗi ne mai sanyin ido, haruffa farare manya, suna ɗaya a tsakiya, lambar ɗaki a ƙasa. Idan layi ya zo kan mutum, sai sunansa ya fito, wata murya mai zaƙi ta mace ta ce, "Rasaki, ɗaki na biyu." Shi ke nan, babu tarkace. Na so in maƙala sunana ɗan ƙarami a kusurwar ƙasa, Oga, mai kamfaninmu, ya ce ba zanen bango nake yi ba.

Kamfaninmu ɗakuna biyu ne a saman wani kantin magani a Mokola, nan cikin Ibadan. A katin aikina an rubuta UI, a na abokiyar aikina Morenike an rubuta UX. Oga yakan haɗa mu a baki ɗaya ya ce "masu zane", kuma duk ranar da ya faɗa sai Morenike ta ja tsaki. Aikina shi ne abin da ido ke gani da abin da yatsa ke taɓawa: launi, girman harafi, inda madanni zai zauna. Ita kuwa mutum take bi, tun daga sa takalminsa a gida har ya koma, ta ga inda ya rikice, inda ya gaji, inda ransa ya ɓaci. Tana kirana Mai Fenti. Ni kuma ina kiranta Sarauniyar Benci, don a ganina a lokacin, zama kawai take yi a bencin mutane tana kallonsu, a biya ta.

Da aikin asibitin ya zo, Morenike tana hutun haihuwa. Gaskiya ban yi kewarta ba. Babu mai tsayawa a kaina yana tambayar "wa ya gaya maka haka suke so?" Na yi aikina cikin kwanciyar hankali, iyakwandishan na busa mini ƙeya.

Matsala ɗaya na samu, ita ce sunaye. Takardun asibitin cike suke da sunaye masu jela: Alhaja Cif Misis wance, Fasto Dokta wane. Idan na ɗora su a allo sai su karye layi biyu ko uku, harafi ya ƙanƙance, kyan ya tafi. Sai na yanke komai na bar sunan yanka kawai. Gajere ne, yana zama daram a tsakiya. Har na gaya wa Oga cewa hakan ya fi rufa wa mutane asiri, tunda ba a bayyana sunan gidansu ba. Ya ce na yi tunani mai kyau.

Mahaifiyata tana zuwa asibitin nan duk Talatar farkon wata saboda hawan jini. Iya Kolapo kowa ke kiranta, Kolapon kuwa ni ne, ɗanta na fari. Ina sane sunanta yana cikin jerin. Amma idan ina gaban kwamfuta ba mutane nake gani ba, layuka nake gani, ina ƙirga harafi nawa zai shiga.

Aka kafa allon wata Litinin, muka ɗauki hotuna, aka tafa mana. Bayan wata ɗaya Metiron, shugabar ma'aikatan jinya, ta kira Oga. Ta ce ranar Talata, ranar masu hawan jini da ciwon suga, cikin mutum goma da allo ya kira, uku ba sa shigowa. Allon ya kira sau biyu, ya rubuta "bai zo ba", ya wuce. Alhali katinsu ya nuna sun zo tun da safe. Ma'aikatan suna cikin ɗakuna a bayan ƙofa, ba su ganin abin da ke faruwa a waje.

Na ce ai wannan mai sauƙi ne, tsofaffi ne, ido ya yi rauni. Na ƙara girman haruffa. Babu canji. Na ce to kunne ne. Na ƙara ƙarfin murya, na sa ƙararrawa kafin ta yi magana. Uku suka koma biyar. Abin ya ɗaure mini kai, don a bakin ƙofar fita na ajiye ɗan ƙaramin allo mai fuskoki uku, mai dariya, mai shiru da mai fushi, kuma kusan kowa mai dariyar yake dannawa.

Ana cikin haka ƙanwata Adunni, wadda ke zaune tare da mahaifiyarmu a unguwar Oje, ta kira ni.

"Buroda, Mami fa wata uku ke nan ba ta ga likita ba. Tana ta raba ƙwaya biyu har ta ƙare. Jiya jiri ya ɗebe ta a shago, sai da ta dafa bango."

Hankalina ya tashi. Na kira Mami nan take.

"Lafiyata ƙalau," in ji ta. "Ka ci abinci?"

"Mami, me ya hana ki zuwa asibiti?"

"Kasuwa."

"Wace kasuwa ce ta fi ranki?"

"Kolapo, na ce ka ci abinci?"

Garin doya take sayarwa, kuma shekara ashirin kasuwa ba ta taɓa hana ta komai ba. Na ajiye waya raina a jagule. Ko kusa ban haɗa maganarta da allona ba.

Morenike ta dawo aiki ranar Litinin, da ƙanshin hodar jarirai a jikinta. Ta karanta ƙorafin Metiron, ta dubi zanena a kwamfuta ta daɗe.

"Ya yi kyau," ta ce.

"Na sani."

"Ka taɓa zama a ɗakin nan ranar Talata?"

"Na je ranar da aka kafa shi."

"Ka je ɗaukar hoto. Gobe bakwai na safe, Mai Fenti. Kar ka zo da kwamfuta, kar ka sa rigar kamfani. Ka zo da bayanka kawai, shi za mu yi aiki da shi."

Washegari an ɗan yi yayyafi da asuba, ɗakin jiran yana warin laima da man zafi. Muka samu wuri a benci na uku. Morenike ta buɗe ƙullin ƙosai ta miƙa wa na kusa da ita, kafin minti biyar ta san ciwon kowa a layin. Ni kuwa allona nake kallo. Daga nan ma ya fi kyau.

Ƙararrawa ta kaɗa. "Tunde, ɗaki na ɗaya." Wani matashi mai bandeji a hannu ya zabura ya shige. Na dubi Morenike, na ɗaga mata gira. Ba ta kula ni ba.

Ƙararrawa ta sake kaɗawa. "Lamidi, ɗaki na biyu."

Babu wanda ya motsa. Ɗakin ya yi tsit. A bencin gabanmu akwai wani dattijo mai farar agbada, babbar riga irin ta Yarbawa, ya ɗora hannuwa biyu a kan sandarsa. Na ga wuyansa ya sandare, ya kafa wa ƙasa ido.

"Lamidi, ɗaki na biyu."

Shiru. Allon ya wuce. Sai da aka kira mutum biyu bayan haka, sannan dattijon ya yi gyaran murya, ya miƙe kamar mai neman banɗaki, ya zaga ta bayan mutane, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗaki na biyu a hankali. Morenike ta mintsine ni a hannu.

Matar da ke gefena, wata mai jiki da maficin roba, wadda na ji ana kira Iya Ibeji don 'yan biyu ta haifa, ta nuna allon da maficinta.

"Ku ji mini mara kunya. Mutumin da ya aurar da jikoki! Wai yarinyar nan 'yar gidan waye? A kawo mini ita in ga uwar da ta raine ta."

"Mama, ai na'ura ce," in ji Morenike.

"Na sani, 'yata, ban haukace ba. Na'ura da kanta ta koyi magana? Wani ne ya koya mata. Shi nake nema. Kwanan nan ma ƙara murya ta yi, har da ƙararrawa, wai ko masu sayar da lemo a waje ba su ji ba."

Wasu suka yi dariya.

"To me ya sa ba ku kai ƙara ba?" Morenike ta tambaya. "Ga abin dannawa can a ƙofa."

"Mai fuskokin nan? A duba ka, a ba ka magani, ka fito ka ɗaure wa mutane fuska a gidansu? Wace irin tarbiyya ke nan? Mai dariyar muke danna musu mu wuce." Ta ɗauki ƙosai ɗaya. "Da can Metiron ke leƙowa da kati a hannu. Baba Onilu, bismilla. Iya Ibeji, yaya ƙafar? Kafin ka shiga ma ka ji sauƙi. Ni dai yanzu toshe kunne nake in tashi, don ƙafata ba ta san girma ba. Ƙawata ce abin tausayi, mai garin doya a Oje, da muke zama tare a nan."

Na daina kallon allona, na juyo gare ta.

"Talatar farko da aka kafa abin nan," Iya Ibeji ta ci gaba, "sabon ɗauri ta yi, ruwan zuma, ta zo tun kafin a share ɗakin, ta zauna can gaba. Babu wanda ba ta gaya wa ba. Ɗana ne ya yi wannan, ɗana Kolapo, shi ya zana shi da hannunsa. Muna ta yi mata barka, har wata ta ce ta roƙe shi ya sa mata jikanta a hanyar aikin. Sai abin nan ya buɗe baki ya kira ta da sunan yanka. Sau biyu! A gaban matan unguwarsu, a gaban surukar ƙanenta."

"Ta tashi?" in ji Morenike.

"Ta tashi a ce me? A ce ɗanta ya kira sunanta a bainar jama'a ta amsa? Ta zauna nan tana murmushi kamar ba ita ba, har aka watse. Tun ranar ban sake ganinta ba." Ta juyo ta dube ni. "Kai kuma me ke damunka, ɗana? Ka yi fari fat. Suga ne?"

Na ce mata eh, wataƙila.

A waje na jira Morenike ta ci mini fuska, don ta samu dama irin wadda ba ta taɓa samu ba. Ba ta yi ba. Ta naɗe takardar ƙosan ta jefa a kwando.

"Ni ma da ina ofis ba lallai in gano daga kan tebur ba," ta ce. "Sai dai da na zo na zauna." Ta tsayar mini da tasi. "Je ka Oje. Zan gaya wa Oga."

Na samu Mami a shagonta, tana zaune a kan kujerar katako tsakanin buhuna, tana tankaɗe. Ta rame, idonta ya yi ja. Na kwanta rub da ciki a gabanta, kamar yadda nake yi tun ina yaro idan na yi laifi.

"Tashi, rigarka za ta yi gari."

Ban tashi ba.

"Iya Ibeji ce ko?" ta ce. "Bakin matar nan ba ya da murfi."

"Mami, ban yi tunani ba. Na'ura ce take ɗauko sunan daga cikin takardu, ba wai ni ne..."

"Wa ya sa mata magana a baki?"

Ta ci gaba da tankaɗe, garin yana sauka a faranti.

"Wadda ta kira ni da sunan nan ta ƙarshe uwata ce," ta ce, "kana goye a bayana. Ko babanka, Allah ya jiƙansa, tun ranar da aka haife ka bai sake faɗarsa ba. Da na ji shi ran nan, sai da na waiwaya ina neman ta."

Hawaye suka zubo mini a kan simintin shagon. Kunya nake ji irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba zan rubuta sunan a nan ba, don na faɗe shi da ƙarfi iya yadda ya isa.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Kana murna da aikinka. In yi magana a ce a cire shi, su sallame ka? Na ce bari in zauna a gida, ba komai." Ta karkaɗe rariyar. "Ya yi kyau kuwa. Shuɗin nan ya yi kyau ƙwarai."

Na roƙe ta ta shirya gobe in kai ta wurin likita kai tsaye, ta ƙofar ma'aikata, ba sai ta bi layi ba. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ta ƙofar baya, kamar wadda ta yi sata? Su Baba mai sanda fa, su wa zai bi da su ta baya? Je ka koya wa yarinyar allonka ladabi. Ta gaba na fita, ta gaba zan koma."

Da kyar ta yarda na karɓo mata maganin mako biyu da tsohon katinta a kantin da ke ƙasan ofishinmu. Mai kantin ya ce daga wannan ba ƙari sai likita ya auna ta. Mako biyu ke nan gare ni.

Gyaran Morenike tambaya ɗaya ce tak, a teburin karɓar kati: "Yaya ake kiranku a gida?" Abin da mutum ya faɗa, shi za a rubuta, ba ragi. Na ce shi ke nan mun gama. Ta ce ba mu fara ba. Ta yi kwana uku a zaune kusa da masu ba da kati, ta dawo da labarin cewa akwai Iya Ibeji biyar da Alhaja goma sha ɗaya a ranar Talata kaɗai. Sai aka ƙara unguwa ko sana'a ga mai so, aka kuma ba kowa 'yar takarda mai lamba. Ta sa aka cire ƙararrawa, aka sassauta muryar, aka koya mata cewa "don Allah". Allon fuskoki ma ta ce a ɗauke, a bar ta ta riƙa zuwa da ƙosai tana jin ta bakin mutane.

Nawa aikin shi ne in sa allon ya ɗauki duk wannan. Wata ta ce a rubuta Alhaja Iya Alaso ta Beere. Wani ya ce shi Baba Cif Balogun na Gidan Maƙera ne, kuma kada a taɓa masa ko harafi. Layi biyu, wani lokaci uku. Tsabtataccen allona ya cika maƙil, raina yana ƙuna ina yi.

"Ya zama kamar katin gayyatar biki," na ce wa Morenike.

"To ka sa ya zama katin biki mai kyau. Wannan ni ban iya ba, Mai Fenti. Idan Baba bai iya karanta shi daga benci na ƙarshe ba, tambayata ta tashi a banza."

Karo na farko ke nan da ta kira ni Mai Fenti ban ji haushi ba. Na sake zaɓen harafi, na gyara tazara, na je da kaina na zauna a benci na ƙarshe na runtse ido ɗaya ina gwadawa.

Talatar da maganin Mami ya rage ƙwaya ɗaya, na isa asibitin kafin bakwai. Ban san ko za ta zo ba, don da na tambaye ta a waya cewa ta yi, "Ka ci abinci?" Na zauna can baya kusa da Morenike. Dattijo mai sanda yana nan. Da allon ya ce, "Baba Cif Balogun na Gidan Maƙera, don Allah ɗaki na biyu," ya miƙe a kiran farko, ya gyara agbadarsa a kafaɗa, ya bi ta tsakiyar ɗaki.

Wajen takwas saura ta shigo, Adunni na biye da ita. Ɗaurin nan ne a kanta, ruwan zuma. Ta tsaya a teburin kati, aka yi mata tambayar, ta amsa da muryar da har mu na baya muka ji. Sannan ta wuce bencin gaba, Iya Ibeji ta matsa mata. Ba ta nemi inda nake ba.

Muka jira. Aka kira mutum shida. Sannan allon ya canza, haruffa farare manya a kan shuɗi: IYA KOLAPO.

"Iya Kolapo, don Allah ɗaki na biyu."

Ba ta motsa ba. Ta ci gaba da kallon gabanta, hannuwanta a kan jaka. Na fara miƙewa, Morenike ta riƙe mini riga.

"Iya Kolapo, don Allah ɗaki na biyu."

"Ke fa ake kira," in ji Iya Ibeji, tana zungurinta da mafici.

"Na ji tun na farko," in ji Mami. "Na bari ne na baya su ji."

Ta miƙe a hankali, ta gyara zaninta, ta taɓa ɗaurinta. Ta miƙa wa Iya Ibeji laimarta.

"Riƙe mini wannan," ta ce. "Bari in je, ɗana ke kira."